Tallafin Annoba da Haƙƙin Mazauna: Jawabi a Taron Ƙungiya na Shekara

 

An ba ni 'yan mintoci in yi magana a kan talauci da tallafin gwamnati. To, zan koma da ku shekarar 2020, domin darasin da ta bar mana bai tsufa ba.

Ran 30 ga Maris 2020 Gwamnatin Tarayya ta rufe Legas da Abuja saboda cutar korona, sai ran 4 ga Mayu aka fara sassautawa. Kafin nan, tun ran 1 ga Fabrairu, an hana acaba da keke a sassa da dama na Legas. Ku duba wa abin ya fi shafa: ɗan acaba, mai shayi, ɗan dako, mai ga-ruwa, mai gyaran takalma. Mutanen da sai sun fita da safe za a ɗora tukunya da yamma. Sati biyar ke nan babu fita.

Gwamnati ta yi wani abu, wannan ba a musu. Jihar Legas ta ce za ta raba abinci ga gidaje 200,000 a zagayen farko. Tarayya ta biya masu karɓar naira 5,000 a wata kuɗin wata huɗu a dunƙule, wato naira 20,000. A watan Afrilu Shugaba Buhari ya ce a ƙara gidajen da ke cikin rajistar marasa galihu daga miliyan 2.6 zuwa miliyan 3.6. Amma jama'a, kun lura da kalmar? Rajista. Wanda sunansa ba ya cikin littafi, ko yunwa za ta kashe shi, lissafi bai san da shi ba. Rajistar nan kuwa ta fi ƙarfi a karkara, shi ya sa a Janairun 2021 aka buɗe wata ta gaggawa domin talakan birni. Kun kuma ga abin da ya faru a Oktoban 2020, lokacin da aka fasa rumbunan kayan tallafi a Legas da Jos da Ilori da Kalaba. Abinci yana ajiye, mayunwata suna waje.

Mu mazauna zango, matsalarmu biyu ce. A nan ana ce mana baƙi, a nemi takardar asalin jiha. A gida kuma, ran da ake rubuta sunaye muna nan Ikko. Yaron da aka haifa a Agege, ubansa ma a Agege aka haife shi, ina ne garinsu in ba nan ba? Tsarin mulki na 1999 bai bar mu a duhu ba. Sashe na 41 ya ba kowane ɗan ƙasa 'yancin zama inda ya so, sashe na 42 kuma ya hana a nuna masa bambanci saboda ƙabila ko asali ko addini. Kuɗin tikitin kasuwa da muke biya kullum, ai ba a tambayarmu asali kafin a karɓa.

Saboda haka ina roƙon abu uku. Na farko, kowane magidanci ya yi katin zama na LASRRA da lambar NIN, shi da matansa da 'ya'yansa. Na biyu, ƙungiya ta buɗe littafinta, layi-layi, a rubuta zawarawa da marayu da tsofaffi da naƙasassu, a riƙa sabunta shi duk shekara. Iyayenmu mata su za su riƙe wannan aiki, don su suka san gidan da ba a hura wuta ba. Na uku, mu ɗauki littafin nan mu je wurin kansila da shugaban ƙaramar hukuma, tare da maƙwabtanmu Yarabawa da Ibo masu irin halinmu, mu nemi a riƙa raba tallafi bisa wurin zama da buƙata. In muka je mu kaɗai za a ce kukan ƙabila ne. In muka je tare, dole a saurare mu.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Wata annobar ko ambaliya ko tsadar abinci ba za ta aiko da sanarwa ba. Sakatare yana bakin ƙofa da takarda, don Allah kada kowa ya fita bai ba da sunan layinsu ba.

Allah Ya ba mu zaman lafiya da masu masaukinmu.