Dukiyar da ke Cikin Diddigar Mai

A shekarar 1939, a wata masana'anta ta birnin Shikago, ruwa ya tsiyaya cikin tankin man waken soya har wani farin abu ya daskare a gindinsa. Yayin da ma'aikata ke juyayin hasara, masanin kimiyya Percy Julian, baƙar fata jikan bayi, ya yi nazari ya tabbatar cewa sinadari ne wanda, idan aka sarrafa shi bisa hikima, yakan zama maganin mata masu yawan ɓari. Ina fatan matatun man girki na Kano za su himmatu ga wannan fanni na cin gajiyar diddigar mai, domin daga danƙon man ake samun sinadarin lesitin da ake sakawa a cakulan, daga tururin kawar da warinsa kuwa ake tace bitamin E.