Kuɗin Haya da Kuɗin Cefane: Ikko, Abuja, Kaduna da Kano

Wannan shi ne jawabin da akawun jam'iyya ya karanta wa 'yan kasuwa da sauran jama'a a taron mako.

Kullum samari suna zuwa ofis suna tambayarmu, wai ina ya fi sauƙin zama, nan Kano ko Kaduna, ko kuwa su ɗaure kaya su nufi Abuja ko Ikko? Da yawansu albashi kaɗai suke dubawa. To, yau mun zo mu yi lissafin tare, irin lissafin da ku 'yan kasuwa kuka fi mu iyawa.

A watan Yuli na 1924 ba mu nan, amma a watan Yuli na 2024 muna nan da idonmu aka sa hannu a dokar da ta mai da mafi ƙanƙantar albashi naira 70,000, daga naira 30,000 da aka yanka a 2019. Jihohi suka bi baya: Kano ta ce 71,000, Kaduna 72,000, Ikko kuwa 85,000. Mai jin wannan sai ya ce ai Ikko ta yi zarra. Amma ku cire 71,000 daga 85,000, saura 14,000 a wata. Ku raba wa kwana 26 na aiki, bai kai naira 540 a yini ba. Ku tambayi duk wanda ya taɓa zama Agege, in wannan zai kai shi cikin gari ya komo da shi. Watau fifikon nan duka a hannun yaron mota yake ƙarewa, tun ba a zo maganar ɗaki ba.

Maganar ɗaki kuwa ita ce babba. A Ikko da Abuja mai gida kuɗin shekara guda yake so dunƙule, wani ma na shekara biyu. Bayan wannan dillali ya karɓi la'adarsa, bisa al'ada ushirin kuɗin, lauya mai rubuta yarjejeniya shi ma ushiri, sa'an nan a ce ka ajiye kuɗin ɓarna. Mu ɗauka, don misali, ɗaki naira 300,000 ne a shekara. Kafin a miƙa maka mabuɗi ka ƙirga 360,000, ya ɗara albashin wata huɗu na ƙaramin ma'aikacin Ikko, ba ci ba sha. Ina mai tebur ko ɗan dako zai tara wannan a rana ɗaya? Mai cinikin yau da gobe yana iya biyan wata-wata ba fashi, amma dunƙulen shi ke jefa shi hannun masu ba da bashi. A 2011 Jihar Ikko ta yi doka ta hana karɓar fiye da kuɗin shekara ɗaya daga sabon ɗan haya. Doka mai kyau ce, sai dai wanda ke tsaye da mata da 'ya'ya a bakin ƙofa ba ya kai mai gida ƙara.

Abuja kuwa, tun da gwamnati ta ƙaura can a Disamban 1991, birnin bai yi wa masu yi masa aiki wurin kwana ba. Masinja da direba da mai gadi da mai shara, yawancinsu a Nyanya suke, ko Mararaba da Masaka cikin Jihar Nasarawa, ko Suleja cikin Jihar Neja. Ɗaki ya fi araha a can, gaskiya ne, amma abin da mai gida ya rage maka, hanya ta karɓe. Da aka janye tallafin man fetur ran 29 ga Mayu, 2023, litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta taɓa 1,000. Mutum ya fito tun asuba, ya komo bayan lisha, 'ya'yansa sai ran Lahadi suke ganinsa da rana.

Kaduna tana tsakani. Mai zama Rigasa ko Tudun Wada bai yi nisa da wurin sana'arsa irin na Mararaba ba, amma tun da masaƙu suka durƙushe, aikin albashi ya yi wuya.

Kada kuma mu yabi Kano fiye da kima don garinmu ne. Hatsi daga Dawanau yake tashi a kai shi kudu, saboda haka mudun da muke saye nan bai ɗauki kuɗin motar Ikko ba. Da yawanmu kuma cikin gidan gado muke, ko ɗakin da ɗan'uwa ya ba mu aro, abin da baƙo ba ya samu a wani gari. Amma gidan gado ba ya ƙaruwa, magada ne ke ƙaruwa. Saurayi mai neman aure yau sai ya nausa Dorayi ko Rijiyar Zaki ko bayan Kurna, ya riƙa biyan adaidaita-sahu zuwa Kantin Kwari, ya sayi ruwa a wurin 'yan garuwa. Ciwon Abuja ke nan yana shigo mana sannu a hankali. Hukumar ƙididdiga ta ce tsadar kaya ta kai kashi 34.8 cikin 100 a Disamban 2024, wannan kuwa bai bar gari ko ɗaya ba.

Wani zai ce, me ya hana talaka ya gina nasa? Dokar ƙasa ta 1978 ta sa filaye a hannun gwamna. Asusun gidaje da aka kafa a 1992 yana cire kashi 2.5 cikin 100 daga albashin ma'aikaci, amma banki ba ya ba da rance sai da takardar mallaka, yawancin filayenmu kuwa takardar ciniki ce kurum da shaidar mai unguwa.

Abin da muke nema ga Majalisar jiha shi ne doka mai haƙori: a bar ɗan haya ya biya wata-wata ko wata uku-uku, a yanka wa la'ada iyaka, a kuma rage kuɗi da jeka-ka-dawo na neman takardar mallaka. Ba mu da faɗa da tsohuwar da ke cin abinci da hayar ɗakuna biyu, ita ma talaka ce. Muna roƙon kowa, ran taro mai zuwa, ya zo mana da abin da ya biya na haya bara da bana, da unguwarsa, da kuɗin motarsa na yini. Wanda bai iya rubutu ba ya faɗa, mu rubuta masa. Da wannan takarda za mu je gaban wakilanmu.