Minti 15 Tsakanin La'asar da Magariba



Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Mun san ajin da yara suka fi tebura yawa, mun san watan da albashi kan yi jinkiri har mai kanti ya daina yi mana fara'a. Waɗannan koke-koke ƙungiya tana ɗauke da su, kuma ba za mu yi shiru ba. Amma a yau muna so mu taɓo wani yoyon da ba mai toshe mana shi sai mu da kanmu: da yawanmu rabonmu da karanta littafi daga farko zuwa ƙarshe tun muna kwalejin ilimi.

Hujjarmu kullum ita ce babu lokaci. A tashi daga makaranta, a wuce gona ko shago ko islamiyya, a dawo ga rubutun shirin darasi da makin jarrabawa. Gaskiya ne. To amma mu duba tsakanin la'asar da magariba, mu lissafa abin da waya da hirar majalisa suke cinyewa. Idan muka ware minti 15 kacal kowace rana, a shekara mun tara sama da awa 90. Wannan ya ishi mutum ya karance littattafai da dama ba tare da gaggawa ba.

Magabatanmu ma ba hutu ne ya yi musu yawa ba. Abubakar Imam yana koyarwa a Makarantar Midil ta Katsina ya rubuta Ruwan Bagaja don gasar 1933. Abubakar Tafawa Ɓalewa shi ma malamin makaranta ne a Bauchi lokacin da ya rubuta Shaihu Umar don wannan gasa. Alli suke riƙewa da safe kamar mu, kuma ga shi har yau jikokinmu na karanta abin da suka bari.

Abin da ya sa maganar ta zama dole shi ne yaran da ke gabanmu. Kowannenmu ya taɓa ganin ɗalibi ya kai aji shida yana haɗa baƙi da wasali da kyar. Muna yi masa faɗa ya yi karatu, alhali bai taɓa ganin malaminsa riƙe da littafi ba in ba na darasi ba. A gida ma haka 'ya'yanmu suke kallonmu. Gani ya kori ji. Yaro ya fi kwaikwayon abin da hannunmu ke riƙe da shi a kan abin da bakinmu ke faɗa.

Saboda haka muna ba da shawara guda biyu. Ta farko, kowa ya zo taro na gaba da littafi ɗaya daga gidansa, mu ajiye a akwati a ofishin reshe, a riƙa aro ana sa hannu a rajista. Ta biyu, mako-mako mu zaɓi yamma ɗaya mu karanta wa iyali shafi biyu ko uku da babbar murya, mu bar yara su yi tambaya.

Sannu ba ta hana zuwa. Allah Ya sa albarka a lokacinmu, Ya shirya mana zuriya.