Abin da Muka Tarar a Kantar Fina-finan Italiya

Mai girma shugaban reshe, iyayenmu da suka ajiye alli, 'yan uwa malamai maza da mata.

Da aka sanar cewa jawabinmu na yau a kan fina-finan ƙasar Italiya ne, mun ji wani daga baya yana tambaya a hankali, me ya haɗa malamin firamare da Italiya alhali albashi bai shigo ba? Tambayar tana kan hanya, kuma muna fata kafin mu zauna amsarta ta fito.

Abin ya faro ne a lokacin dogon hutu, sa'ad da wasunmu suka koma ɗakin karatu na kwalejin ilimin da ta yaye mu domin neman littattafan koyar da karatu. A can ƙurya muka ci karo da wata kanta da ƙura ta rufe, ɗauke da faya-fayan fina-finai masu fassarar Turanci a ƙasan hoto, da littattafai a kan tarihinsu. Mai kula da ɗakin ya ce kyauta ce aka kawo tun da daɗewa, kuma bai tuna ranar da wani ya ara ba. Muka ara don mu rage zaman banza. Yawancinmu abin da muka sani na Italiya bai wuce taliya da ƙwallon ƙafa ba, sai kuwa fina-finan kaboyi irin su Django na 1966, wanda da yawanmu sai a wannan kanta muka gane ashe 'yan Italiya ne suka yi shi.

Littattafan ne suka fara buɗe mana ido. Gwamnatin Mussolini ce ta gina katafariyar unguwar shirya fim ta Cinecittà a birnin Rum, aka buɗe ta a 1937, domin ya fahimci cewa majigi makami ne na juya tunanin talakawa. Da yaƙin duniya na biyu ya ƙare, wurin ya zama sansanin 'yan gudun hijira. Masu shirya fim suka rasa ɗakunan ɗauka, suka rasa kuɗi, sai suka fito titi da na'urorinsu, suna ɗaukar rusassun gidaje da layin masu neman aiki, sau da yawa da mutanen da ba su taɓa yin wasa ba. Daga wannan rashi ne aka sami salon da suke kira neorealismo, wato sabuwar hanyar nuna rayuwa yadda take. Roberto Rossellini ya buɗe fagen da Roma città aperta a 1945.

Wanda muka fara kallo shi ne Ladri di biciclette, wato ɓarayin keke, na Vittorio De Sica, 1948. Magidanci ya sami aikin manna takardun talla bayan dogon zaman kashe wando, amma sharaɗin aikin sai da keke. Matarsa ta kai zannuwan gadonsu jingina aka fanso kekensa, ranar farko aka sace shi. Sauran fim ɗin yawo ne shi da ƙaramin ɗansa Bruno suna nema, har uban ya kai ga satar keken wani, aka kama shi a gaban yaron. Mutumin da ya fito a matsayin uban, Lamberto Maggiorani, ma'aikacin masana'anta ne. Mu da muke kallon fuskokin yara kullum, idanun Bruno muka fi bi, domin mun san irin wannan kallon a ajinmu, ranar da uba ya zo neman a yi masa haƙuri kan kuɗin littafi.

Amma wanda ya sa ɗakin ya yi tsit shi ne Umberto D., na De Sica ɗin dai, 1952. Fim ɗin ya buɗe ne da zanga-zangar 'yan fansho a titin Rum, tsofaffi cikin kwat da hula suna neman ƙari, 'yan sanda suka tarwatsa su. A cikinsu akwai Umberto, wanda ya yi wa gwamnati aiki shekara talatin, yanzu kuɗin haya ya fi ƙarfinsa, mai gida tana shirin korarsa, ba shi da kowa sai ɗan karensa. Ya sayar da agogonsa, ya sayar da littattafansa. Akwai wurin da ya tsaya a bakin hanya yana gwada miƙa hannu don bara, da wani mai wucewa ya laluba aljihu, sai ya yi sauri ya kifa tafin hannun kamar mai duba ko ruwan sama ya fara. Wanda ya fito a wannan matsayi, Carlo Battisti, shehun malamin ilimin harsuna ne a jami'ar Firenze, kuma De Sica ya sadaukar da fim ɗin ga mahaifinsa. Giulio Andreotti, wanda a lokacin yake kula da harkar fina-finai a gwamnati, ya fito fili ya soki aikin da cewa yana zubar da mutuncin ƙasa a idon duniya. Iyayenmu da ke zaune a sahun gaba, waɗanda suka san layin tantancewa da jiran kuɗin sallama, ba sa buƙatar mu fassara musu wannan kifa hannu. Mu dai mun lura cewa a ko'ina masu mulki sun fi jin haushin mai nuna yunwa fiye da yunwar kanta.

Biyu daga cikin fina-finan sun shigo har cikin ajinmu, kuma a nan ne muka ga amfanin ajiye fim da littafinsa a kanta ɗaya. Na farko Padre padrone, uba kuma ubangida, na 'yan uwa biyu Paolo da Vittorio Taviani, wanda ya ci babbar kyautar bikin Cannes a 1977. An ɗauko shi daga littafin da Gavino Ledda ya rubuta a kan rayuwarsa, aka buga a 1975. Yana ɗan shekara shida mahaifinsa ya shigo aji a ƙauyensu na tsibirin Sardiniya, ya janye shi a gaban malama domin ya je kiwon tumaki. Bai iya karatu ba sai da ya kai kusan shekara ashirin, a aikin soja, daga baya ya yi digiri a ilimin harsuna. Wane ne cikinmu bai taɓa tsayawa da alli a hannu ba, uba yana bakin ƙofa yana cewa damina ta faɗi, ko shanu ba mai bi? Fim ɗin ya nuna zafin uban, littafin kuwa ya fi tsayawa a kan talaucin da ya haifi zafin. Da mun tsaya a kallo kaɗai, da mun tashi da fushi, amma karatun ya sa muka koma muna tambayar kanmu irin maganar da ya kamata malami ya yi wa irin wannan uba.

Na biyu shi ne Diario di un maestro, kundin malami, wanda Vittorio De Seta ya shirya wa gidan talabijin na ƙasar a 1973, daga littafin wani malamin firamare, Albino Bernardini, a kan shekarar da ya yi yana koyarwa a wata unguwar talakawa a gefen Rum. An ba sabon malami ajin da kowa ya fid da rai da shi, rabin kujerun babu kowa. Sai ya fita ya bi yaran har inda suke yawo da ƙananan sana'o'i, ya dawo da su, ya riƙa gina darasi daga abin da suka sani: ƙadangarun da suke kamawa, gidajen da ake rushewa a unguwarsu, har da maganar sata. Yaran na unguwa ne na gaskiya. Ya yi ta samun saɓani da shugaban makaranta a kan manhaja, kuma ba mu yarda da malamin a kowane mataki ba, domin mai yara tamanin a aji ba zai iya duk abin da ya yi ba. Duk da haka mun yi sati muna gardama a kansa.

Ba da kansu waɗannan ayyuka suka rayu har suka iso mu ba. Tsohon zaren fim yana ruɓewa, wanda aka yi kafin shekarun 1950 kuma yana kamawa da wuta cikin sauƙi. Italiya tana da taskar fina-finai ta ƙasa a Rum, da gidan tarihin silima a Turin wanda wata mata, Maria Adriana Prolo, ta faro da tattare-tattarenta, da kuma taskar birnin Bolonya mai ɗakin karatu da ɗakin gyaran tsofaffin fina-finai. A Bolonya ɗin nan aka gyara Touki Bouki na Djibril Diop Mambéty ɗan Senegal a 2008. Namu Shaihu Umar, wanda Adamu Halilu ya shirya a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, an daɗe ana zaton ya ɓace, sai a 2016 aka gano zarensa a Legas, aka gyara shi da taimakon wata cibiya ta Jamus, aka nuna shi a Berlin a 2018. Yara nawa ne a makarantunmu suka karanta littafin ba su taɓa ganin fim ɗin ba?

Saboda haka muna gabatar wa reshe buƙata ƙarama. A ware kanta ɗaya a ofishin ƙungiya, a sa rajistar aro, kowa ya kawo littafi ko faifan da yake kwance a gida. Sau ɗaya a wata, ranar Asabar bayan la'asar, a haɗu a kalli fim guda da iyalai, wanda ya karanta littafin ya yi bayani da Hausa. Mai kula da ɗakin karatun kwalejin ya amince ya ba mu aro muddin sakatare ya rubuta takarda. Muna ba da shawarar a fara da Umberto D., a kuma aika wa iyayenmu 'yan fansho goron gayyata na musamman. Abin da ya rage shi ne na'urar haskawa da man janareta, kuma ma'aji yana nan zaune yana jinmu.