Wa ke karɓar uwa in ta gaji? Magana kan yara masu raunin ƙwaƙwalwa a gidajenmu

Iyayena, yayyena da ƙannena mata na Gumel, Maigatari, Gagarawa da Sule Tankarkar. Ga maganar da na yi a zamanmu, na rubuto ta saboda waɗanda ba su samu zuwa ba. Wadda ta karanta ta karanta wa maƙwabciyarta.

Kowacce a cikinmu ta san wani gida a layinsu da ke da yaron da ya kai shekara goma amma har yanzu sai an yi masa tsarki, an sa masa riga, magana ma ɗaya-ɗaya take fita. Mukan ce "Allah sarki" mu wuce. To yau ina so mu tsaya, mu duba irin taimakon da gidan ke samu.

Da farko, wannan lalura daban take da taɓin hankali. Raunin ƙwaƙwalwa tun yarinta yake bayyana: yaro yana koyo amma a hankali, kuma kula da kansa yana yi masa wuya. Daga cikin abubuwan da ke jawo shi akwai doguwar naƙuda da jariri ya rasa numfashi, shawarar jarirai da aka bari ta yi tsanani, zazzaɓin cizon sauro mai taɓa ƙwaƙwalwa, tamowa, ƙarancin sinadarin aidin lokacin goyon ciki, da kuma sanƙarau. Wani kuma haka aka haife shi. Kun tuna yadda sanƙarau ya shiga yankinmu a 2023. Cikin yaran da suka tashi daga wannan ciwo, wani yakan rasa ji, wani karatu ya riƙa yi masa nauyi. Saboda haka a daina ce wa yaro ɗan ruwa, a daina cewa uwar ce ta jawo.

Kwanaki na shiga wani gida, na tarar da wata baiwar Allah da 'yarta mai shekara goma sha uku. Na ce, "Yaya, yaushe rabonki da fita?" Ta ce ko ta'aziyyar ƙanin babanta ba ta je ba, don babu wanda za ta bar wa yarinyar. Gida ne fa cike da mutane, ga kishiya, ga facaloli. Tun ranar na gane cewa yawan dangi ba ya nuna ana taimako. Sai an tambaya ake sani.

Ga tambayoyi shida da nake so kowacce shugabar mata ta mazaɓa ta riƙe in ta shiga irin wannan gida:

1. Wa ke karɓar uwa? Ki nemi ta faɗa miki mutum takamaimai, da ranar da ya karɓe ta ta ƙarshe. In ta yi shiru, kin samu amsa.

2. Likita ya taɓa duba yaron? A gwada jinsa da ganinsa, a duba ko yana farfaɗiya, domin farfaɗiya tana da magani. A fara da asibitin kusa ko Babban Asibitin Gumel. Su za su tura Kazaure ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano in da buƙata.

3. Me ya koya a bana? Cin abinci da kansa, zuwa bayi, wanka, ba akuya dusa, tsince wake. Abu ɗaya ake ɗauka, a yi ta maimaitawa kullum har ya zauna. Yana zuwa boko ko islamiyya, ko an cire shi don ana yi masa dariya?

4. Ina yake yini, kuma wa ke shiga wurinsa? Ana kulle shi ko ɗaure shi? Ana tura shi bara ranar Alhamis a kasuwar Maigatari? In mace ce, ki ƙara sa ido: wa ke aikenta, wa ke ba ta alawa, wa ke koya mata tsaftar al'ada? Mugu yana zaɓar wadda ba za ta iya ba da labari ba. In abu ya faru, Allah ya kiyaye, a kai ta asibiti cikin kwana 3, kada a rufe don kunya.

5. Wa ke biyan kuɗin magani da mota? Uban yana sa hannu ko ya zame?

6. In yau uwa ta kwanta dama, wa zai riƙe shi? An yi wannan magana da dangi? Rabonsa na gado yana hannun wa? Malamanmu sun sha faɗa cewa dukiyarsa amana ce a hannun waliyyi, a ciyar da shi, a tufatar da shi daga cikinta.

Ku sani kuma suna da haƙƙi a hukumance. A 2007 Jihar Jigawa ta fara biyan masu buƙata ta musamman kuɗi duk wata, N7,000 a wancan lokacin. Amma da yake guragu da makafi da kurame suna da ƙungiyoyi da sarakunansu, su ake gani. Wanda aka ɓoye a ƙuryar ɗaki wa zai rubuta sunansa? A watan Janairun 2019 kuma aka sa hannu kan dokar tarayya da ta hana nuna musu wariya. Ta ba su ilimi kyauta har sakandare, ta kuma haramta amfani da su wajen bara, da tarar N100,000 ko ɗaurin wata shida. Doka tana kan takarda, sai mun bi ta za ta iso gida.

Sai ladabin shiga. Ki yi sallama, ki gaida yaron da sunansa kafin ki yi maganarsa. Kada ki ɗauki hoto, kada ki saka sunan kowa a wannan zaure. Kada ki yi alkawarin abin da ba ya hannunki. Kada kuma ki tambayi wace jam'iyya gidan ke yi, lalura ba ta duba wannan ba.

Abin da nake roƙo a makon nan: kowacce ta shiga gida ɗaya, ta yi tambayoyin nan, ta kawo wa shugabar mazaɓarta adadi da buƙata, domin mu kai wa kansiloli da sashen walwalar jama'a na ƙaramar hukuma. Kafin su amsa, akwai abin da ba ya cin ko sisi. Mata uku su haɗa kai, kowacce ta karɓi yaron awa biyu a mako, uwar ta je awo, ta je gaisuwa, ko ta samu ta runtsa.

Allah ya ba iyayen nan ladan haƙuri, ya ba mu ikon dafa musu.