Mutum Ɗaya da Tutar Ƙasa: Zuwan Nijar na Farko Wasannin Olamfik



Na san wasu za su yi mamakin abin da ya haɗa malamin Hausa da zancen wasanni, har ya taso ya zo nan Tiga ya tara mutane a kansa. Amsar ita ce wanda ya nazarci waƙoƙin Ɗan Anace bai da ikon kauce wa fagen dambe, kuma daga fagen dambe ne na bi sawu har na iske labarin da nake so mu duba yau, watau yadda maƙwabciyarmu Jamhuriyar Nijar ta fara shiga wasannin Olamfik.

A ranar 10 ga Oktoba, 1964, aka buɗe wasannin a birnin Tokyo na ƙasar Japan. A lokacin shekarar Nijar huɗu da samun mulkin kai, Diori Hamani yana shugabancinta. Ƙasa ce mai faɗin gaske, amma ƙarama ta fuskar yawan jama'a da abin hannu. Manyan ƙasashe sun zo da 'yan wasa ɗaruruwa. Ita kuwa ɗan wasa ɗaya tak ta kai, wani ɗan damben zamani mai suna Isaka Dabore, haifaffen 1940.

Me ƙasa za ta samu da aika mutum ɗaya? Abu na farko shi ne suna. Lokacin da nake karatu a Turai, sau da yawa idan aka ambaci Nijar sai a ɗauka an yi tuntuɓen harshe ne wajen faɗin Nijeriya, har a tsakanin masu ilmi. To, balle a 1964. A wancan zamani shiga jerin gwanon buɗe wasa, da allo mai ɗauke da sunan ƙasa da tutarta, shaida ce a idon duniya cewa ƙasar ta tsaya da ƙafafunta. Alal misali, mutanen Rodeshiya ta Arewa sun shiga wasannin Tokyo da wannan suna, amma ranar rufewa, 24 ga Oktoba, ta dace da ranar samun 'yancinsu, sai suka fita fili da sunan Zambiya. Mu nan Nijeriya mun riga Nijar zuwa, domin mun je Helsinki tun 1952, sai dai mun je ne muna ƙarƙashin Turawan mulkin mallaka.

Dabore bai je kallo ba. Ya yi ta cin abokan karawarsa har ya kai zagayen 'yan takwas, inda Pertti Purhonen na ƙasar Finlan ya tsayar da shi. Ku lura da wani abu: a damben Olamfik duk wanda ya kai zagayen kusa da ƙarshe ya sami lamba, ko da an cinye shi a nan, domin tagulla biyu ake bayarwa. Ke nan karawa ɗaya ce ta raba shi da lamba a fitowarsa ta farko. A wannan gasa ce kuma Nojim Maiyegun ya ciwo wa Nijeriya lambarta ta farko, tagulla, shi ma a dambe.

Dabore ya koma a Meziko a 1968 bai dace ba. Ya sake komawa a Munich ta Jamus a 1972, yana da shekara 32, shekarun da 'yan dambe da yawa sun riga sun ajiye. A nan ya kai kusa da ƙarshe, Angel Angelov na Bulgeriya ya rinjaye shi, ya dawo gida da tagulla, lambar Nijar ta farko. Allah ya yi masa rasuwa a watan Disamba na 2021.

To, ga inda nake so mu tsaya mu yi tunani. Daga 1972 Nijar ba ta sake ganin lamba ba sai a 2016, lokacin da Abdulrazak Issufu Alfaga ya ci azurfa a wasan takwando a birnin Rio. Shekara 44 ke nan. Gaskiya ne ba ta halarci wasannin 1976 da na 1980 ba, saboda ƙauracewar da ƙasashe suka yi bisa dalilan siyasa, kuma fari da yunwa sun sha gaban kome a wasu shekarun. Amma waɗannan ba su isa su bayyana tsawon wannan jira ba. A ganina, abin da ya kai Nijar Tokyo ƙwazon mutum ɗaya ne, kuma ba a gina wani tsari a bayansa da zai fitar da magadansa ba.

Kada wani ya ce ai babu gwanaye. Ƙasar da ta mayar da kokawa wasan ƙasa, tun gasar cin takobi ta farko da aka yi a Tawa a 1975, ba ta rasa ƙarfafa ba. Mu ma haka. Bayan kaka, idan amfanin gona ya shiga rumbu, ana yin dambe da kokawa a garuruwanmu, kalangu na tashi, samari na shiga fage. Sai dai damben gargajiya da na zamani ba abu ɗaya ba ne. Namu hannu ɗaya ake naɗewa a yi duka da shi, ɗayan yana matsayin garkuwa, kuma nasara ita ce a kai abokin karawa ƙasa, abin da ake kira kisa. Na zamani hannu biyu ne, da awon nauyi, da alƙalai masu ƙidayar maki. Yaron da ya gwanance a na farko yana da zuciya da idon ganin naushi, amma yana bukatar mai horarwa na shekaru kafin ya iya na biyu. Wannan mai horarwa, da albashinsa, da ɗakin da zai yi aiki, ba sarkin dambe ne zai samar da su ba. A teburinku suke, ku ma'aikata.

Akwai kuma irin zuwan da ba na so mu yi koyi da shi. A wasannin Landan na 2012 Nijar ta aika Hamadu Jibo Isaka tseren kwalekwale bayan horon wata uku kacal. Ya zo na ƙarshe, 'yan kallo suka yi masa tafi, jaridu suka yi ta yayata shi. Ban raina jaruntakarsa ba, amma tafin tausayi ne, kuma ba irinsa aka yi wa Dabore ba.

Wannan ya dawo da ni inda muke zaune. Tun da aka gama madatsar ruwan Tiga a 1974, a zamanin Gwamna Audu Baƙo, yaran da suka tashi a bakin wannan ruwa suke iyo suna tuƙa jirgi tun ba su isa shiga makaranta ba. Shawarata ga jami'an ilmi da na wasanni na Bebeji da Ƙiru da Tudun Wada da Doguwa ita ce su haɗa kai su sa gasar iyo da tseren jirgi tsakanin makarantu sau ɗaya a shekara, a tanadi masu ceto daga cikin masunta, a riƙa auna lokacin kowane yaro da agogo, a rubuta a littafi, a ajiye littafin inda wanda ya gaji kujerar zai same shi.

Shugaba, a nan zan dakata domin a sami lokacin tambayoyi.