Na'urar Rada da Neman Nakiyar da Aka Binne



Nakiya makami ce wadda ba ta san an yi sulhu ba. Takan kwana shekaru cikin ƙasa tana jiran ƙafar manomi ko makiyayi. A watan Disamba na 2007, lokacin tawayen arewacin Nijar, nakiya ta tashi a Maraɗi, maƙwabciyar Katsina, da kuma Tawa. A Barno kuwa, rikicin da ya soma a 2009 ya bar nakiyoyin haɗin hannu a hanyoyi da gonaki. Nijeriya ta shiga Yarjejeniyar Ottawa a 2001, wadda ta wajabta kawar da nakiyoyin da aka dasa domin mutane.

Tsohuwar dabarar nema ita ce na'urar jin ƙarfe, irin wadda Józef Kosacki, wani hafsan sojan Poland, ya ƙago a 1941. Aibinta biyu ne. Takan yi kuka a kan kowace ƙusa ko kwanson harsashi, sa'an nan nakiyar da aka yi da roba, mai ƙarfe ɗan kaɗan, takan yi mata wuyar ji.

A nan ne rada ta shigo. Ita aikinta tura igiyar rediyo cikin ƙasa. In igiyar ta ci karo da abin da ya bambanta da ƙasar da ke kewaye da shi, ko da roba ce, sai wani sashenta ya komo. Daga lokacin da ta ɗauka kafin ta komo ake lissafa zurfin abin. Amma tana ganin dutse da saiwa ma, shi ya sa ake gama na'urorin biyu a sanda ɗaya, kamar ALIS, wadda Jami'ar Tohoku ta Japan ta ƙera, aka yi aiki da ita a Kambodiya.

Sai dai ƙasa ita ce alƙali. Busasshiyar jigawa, irin wadda ta kewaye Katsina, takan bar igiyar ta ratsa sosai, amma jiƙaƙƙiyar lakar fadama takan shanye ta. Saboda haka aikin rani ya fi na damina, kuma wajibi ne a gwada na'ura a ƙasar da za ta yi aiki kafin a dogara da ita.

Rada dai nuni take yi. Tonowa aikin ƙwararru ne, a hankali. Wanda ya ga abin da bai yarda da shi ba, kada ya taɓa, ya sanar da hukuma.

Allah Ya kiyashe mu. Wassalam.